Mataccen Batir: Shara Ce Ko Jari?

Kamar yadda muka saba, ga rubutun shirin saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da waɗanda suka fi son karantawa a natse. Yana da ɗan tsawo, a daure a bi shi har ƙarshe, don maganar kuɗi ce da maganar lafiya a haɗe.

Bari in fara da abin da ya jawo batun. Kwanakin baya batiran solar gidanmu guda biyu suka mutu, irin manyan nan masu ruwa. Muka fitar da su ƙofar gida. Kafin la'asar 'yan gwangwan uku sun tsaya suna tayawa, har ɗaya yana ƙara kuɗi a kan na ɗan'uwansa. Sai na tsaya ina tunani. Abin da ba ya riƙe caji ko na minti goma, me ya sa ake rububinsa haka? Ai banza ba ta kai zomo kasuwa. Ina ake kai shi? Wa ke cin babbar ribar? Kuma matashi mai ɗan jari, akwai ƙofar da zai shiga ko babu?

To, abin da za mu warware yau ke nan.

MENE NE A CIKIN BATIR?

Batiran da muke hulɗa da su kullum iri biyu ne manya.

Na farko shi ne batirin dalma, wato na mota da babur da yawancin tsofaffin batiran sola da inbata. Tsohuwar fasaha ce, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro ta tun 1859. A cikinsa akwai farantan dalma da ruwan batir, sai robar da ta rufe su. Fiye da rabin nauyinsa dalma ce. Shi ya sa in ka ɗaga shi sai ka ji kamar ka ɗauki dutse.

Na biyu shi ne batirin litiyam, na waya da kwamfutar tafi-da-gidanka da fawa bank da motoci masu lantarki da sababbin batiran sola. Kamfanin Sony ne ya fara fitar da shi kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba mutum uku da suka yi aikin gano shi kyautar Nobel. A cikinsa akwai litiyam, da jan ƙarfe, da alminiyam, da girafait, wasu kuma da kobalt da nikel da manganis.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: in batir ya mutu, ƙarafan da ke cikinsa ba su mutu ba. Tsarin cikinsa ne ya lalace, ya daina karɓar caji. Amma dalmar nan dalma ce, kobalt ɗin nan kobalt ne. Fetur in ya ƙone ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Shi kuwa ƙarfen batir ana iya ciro shi a tace, a sake yin sabon batir da shi, a sake maimaitawa. Nan kasuwar take.

ME YA SA DUNIYA TA DAMU YANZU?

Dalili na farko, buƙata ta yi yawa. A 2024 kaɗai an sayar da motoci masu lantarki sama da miliyan 17 a duniya, wato a duk sababbin motoci biyar, fiye da ɗaya mai lantarki ce. Kowace kuma tana ɗauke da batir mai nauyin ɗaruruwan kilo. Ga na sola, ga na wayoyi, ga na babura.

Dalili na biyu, ma'adinan suna hannun ƙasashe 'yan kaɗan. Kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa. Nikel kuma Indonesiya ce kan gaba, ta ma hana fitar da ɗanyensa tun 2020, ta ce duk mai so ya zo ya kafa masana'anta a can. Litiyam, Ostireliya da Chile ne manyan masu haƙowa. Tacewar kuwa, mafi yawanta a China ake yi. A Fabrairun 2025 da Kongo ta dakatar da fitar da kobalt na wasu watanni, nan take farashinsa ya tashi. Kun ga kuwa Turai da Amurka dole su nemi mafita. Ɗaya daga cikin mafitar ita ce tsofaffin batiran da ke cikin ƙasashensu. Wato bola ta zama mahaƙa.

Dalili na uku, doka. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa sabuwar dokar batir. Dokar ta ce daga 2031, manyan batiran da za a sayar a can, irin na motoci, dole wani kaso na ƙarafansu ya zama daga tsofaffin batira aka ciro: kashi 16 na kobalt, kashi 6 na litiyam, kashi 6 na nikel, kashi 85 na dalma. Ku lura da ma'anar wannan ga ɗan kasuwa. Doka ce da kanta ta samar maka da mai saye. Kamfanin mota ko yana so ko ba ya so, sai ya nemi ƙarfen da aka sake sarrafawa.

Akwai kuma maganar mutunci. Rahotanni sun daɗe suna nuna yara a ramukan kobalt a yankin Kolwezi na Kongo. Mu ma nan gida, a ƙarshen 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya nuna yara ƙanana suna aikin duwatsun litiyam a haramtattun ramuka a jihar Nasarawa. Duk kilo ɗayan da aka ciro daga tsohon batir, kilo ɗaya ne da ba sai an tono daga rami ba.

YAYA AKE SARRAFA SHI?

Na dalma ya fi sauƙi. A masana'anta mai tsari, ana tsiyaye ruwan batir ɗin a kashe kaifinsa, a farfasa robar a wanke ta a sayar wa masu roba, a narkar da dalmar a cikin rufaffiyar tanda mai matatar hayaƙi, a zuba ta ta zama sanduna. A Amurka kusan kashi 99 cikin 100 na irin wannan batirin ana sake sarrafa shi. Ba don sun fi kowa tsafta ba, don akwai kuɗi a ciki, kuma akwai tsarin da in za ka sayi sabo sai ka mayar da tsoho.

Mu yi ɗan lissafi. Babban batirin sola zai kai kilo 60. Mu ƙaddara dalmar cikinsa kilo 35 ce. Farashin dalma a kasuwar duniya ya daɗe yana yawo a wajen dala 2,000 kan tan ɗaya, wato dala 2 kowane kilo. Ka ga dalmar batir ɗaya ta doshi dala 70, kafin a cire kuɗin dako da narkarwa da ribar 'yan tsakiya. Yanzu kun gane abin da ya tsayar da 'yan gwangwan nan a ƙofar gidanmu.

Na litiyam ya fi wuya. Da farko sai an sauke cajinsa gaba ɗaya, in ba haka ba ya kama da wuta. Sannan a markaɗe shi a inji, a ware roba da jan ƙarfe da alminiyam. Abin da ya rage wani baƙin gari ne, kuma shi ne dukiyar, don a cikinsa litiyam da kobalt da nikel suke. Wannan baƙin garin kansa haja ce da ake saye da sayarwa tsakanin ƙasashe. Daga nan hanya biyu ce: ko a narka shi da wuta mai tsananin zafi, ko a jiƙa shi cikin sinadarai a riƙa tsamo ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Hanyar wuta tana cin makamashi, kuma litiyam yakan salwanta a cikinta. Hanyar sinadarai ta fi ciro kaya, manyan kamfanoni suna cewa suna samun sama da kashi 95 na nikel da kobalt, amma gina irin wannan masana'antar na cin ɗaruruwan miliyoyin daloli.

TO, KOWA YA SHIGA ZAI CI RIBA?

A'a. Nan ne nake so ku buɗe kunne, don masu talla ba sa faɗar wannan ɓangaren.

Akwai waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu. A China kamfanin CATL, wanda ya fi kowa ƙera batir a duniya, yana da nasa reshen sarrafa tsofaffin batira mai suna Brunp. A Amurka akwai Redwood Materials, wanda JB Straubel, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Tesla, ya buɗe a 2017 a jihar Nevada.

Amma akwai waɗanda suka faɗi warwas. Kamfanin Li-Cycle na Kanada ya shiga kasuwar hannun jari a 2021, ana ta yabonsa. A Oktoban 2023 ya dakatar da ginin babbar masana'antarsa a Rochester saboda kuɗin gini ya zarce lissafi. A 2025 ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi, daga baya kamfanin Glencore ya saye shi. Waɗanda suka sayi hannun jarinsa a lokacin da ake yayinsa sun tafka asara. Haka Northvolt na Sweden, wanda Turai ta ɗora wa buri, ya tara sama da dala biliyan 10, amma a Maris ɗin 2025 ya durƙushe.

Me ya kayar da irin waɗannan? Abu uku zan ambata.

Ɗaya, farashi. A ƙarshen 2022 tan ɗaya na sinadarin litiyam ya kusa yuwan 600,000 a China. Cikin shekara ɗaya da 'yan watanni ya faɗo ƙasa da 100,000. Wanda ya ci bashi ya gina masana'anta da lissafin tsohon farashi, ya kuke gani? In sabon ƙarfe daga rami ya yi araha, wa zai sayi naka mai tsada?

Biyu, lokaci. Batirin mota mai lantarki yakan yi shekara goma zuwa sama kafin ya gaji. Motocin da aka sayar da yawa kwanan nan, batiransu ba za su dawo ba sai bayan 2030. Yawancin abin da masana'antun ke sarrafawa yanzu ragowar kayan da suka lalace ne a wurin ƙera sabon batir. Wasu sun gina babban murhu tun kafin a kawo hatsi.

Uku, fasahar kanta tana canzawa. Yanzu an fi komawa wani nau'in batirin litiyam da ake kira LFP, wanda babu kobalt babu nikel a cikinsa, ƙarfe ne da sinadarin fosfet. Yana da araha, yana daɗewa, bai cika kamawa da wuta ba. Yawancin sababbin batiran sola na litiyam da ake kawo mana irinsa ne. Ga mai saye albishir ne. Ga mai sarrafawa kuwa, abin da zai ciro mai tsada ya ragu. Ga kuma batirin sodiyam yana tafe, wanda sinadarinsa ɗan'uwan na gishirin miya ne. Saboda haka duk wanda ya ce maka riba tabbas ce, ko bai sani ba, ko yana son kuɗinka.

MU DAWO GIDA

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, sola ta shiga gidaje da shaguna da masallatai da asibitoci. Ku leƙa rufin gidaje a Kano ko Kaduna ko Zariya ku gani. A Maiduguri har motoci da Keke masu lantarki sun fara yawo. Batirin dalma na sola, da irin zafinmu da yadda muke zuƙe shi har ƙasa, da wuya ya wuce shekara biyu zuwa huɗu. Wato nan da ɗan lokaci matattun batira za su yi yawan da ba mu taɓa gani ba.

A ɓangaren ma'adini kuma, a Mayun 2024 an buɗe masana'antar sarrafa duwatsun litiyam a jihar Nasarawa, ta wani kamfanin China mai suna Avatar, wadda aka ce tana iya sarrafa tan 4,000 a rana. Ka ga muna da ɗanyen a ƙasa, muna da mataccen a bola. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne tsari a tsakiya.

Amma fa akwai haɗari, kuma mu 'yan Arewa mun san shi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum. Wancan daga niƙan duwatsun zinare ne a cikin gidaje, ba daga batir ba, amma gubar ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma jikin yaro ya fi na babba zuƙarta ninki huɗu zuwa biyar. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa. A garin Ogijo na jihar Ogun, inda masana'antun narka batir suka taru, binciken 'yan jarida a 2025 ya gano dalma mai yawa a jinin mazauna da ma'aikata, har hukumomi suka rufe wasu daga cikin masana'antun.

Don haka in ka ga ana fasa batir da gatari a bayan layi, ana kwarara ruwan a kwata, ana narka dalma a buɗaɗɗiyar tukunya, wannan ba sana'a ba ce, kashe unguwa ne a hankali. Ƙurar tana bin tufafin mutum har ɗakin matarsa da 'ya'yansa. Kuma yanzu akwai doka. A 2024 aka fitar da ƙa'idojin kula da batir na ƙasa, hukumar NESREA ce ke sa ido, kuma mai tarawa da mai dako da mai sarrafawa duk ana buƙatar su yi rajista.

INA MATASHI ZAI SHIGA?

Maganar gina masana'antar tace litiyam mu ajiye ta gefe, ba ta mai ƙaramin jari ba ce. Ga ƙofofin da nake gani a buɗe.

Ta farko, tarawa. Babbar matsalar kowace masana'anta a duniya ita ce samun batirin da za ta sarrafa. Wanda ya iya tara shi cikin tsari yana da abin sayarwa. Ka ƙulla alaƙa da masu haɗa sola, da kanikawa, da masu cajin waya, da makarantu da asibitocin da ke da inbata. Ka samu wuri mai rufi da daɓen siminti, nesa da ɗakin kwana da rijiya. Kada ka fasa, kada ka tsiyaye ruwan. Ka sayar da shi yadda yake ga masana'anta mai lasisi. Ribar kowane ɗaya ba ta da yawa, a yawan kaya da saurin juyawa ake samu.

Ta biyu, mayar da tsoho ga mai sayar da sabo. In kana sayar da kayan sola, ka ce wa kwastoma ya kawo tsohon batirinsa ka rage masa kuɗin sabo. Ka riƙe kwastoma, ka kuma samu haja ta biyu.

Ta uku, ba wa batirin litiyam rayuwa ta biyu. Batirin kwamfuta in ya mutu, sau da yawa ƙwaya ɗaya ko biyu ce ta lalace a ciki, sauran da ransu. Ƙwayoyin nan masu kama da ɗan yatsa da ake kira 18650, ana gwada su ɗaya bayan ɗaya da na'ura, a ware masu kyau, a haɗa fitila ko fawa bank ko ƙaramin batirin shago. Haka batirin mota mai lantarki, ana sauke shi ne alhali yana da kusan kashi 70 zuwa 80 na ƙarfinsa, zai iya yin shekaru yana aikin sola. Yaran Farm Centre a Kano da na Panteka a Kaduna suna da hannu, horo kawai ake buƙata. Amma a nan sai da ilimi. Ƙwayar da ta kumbura ko ta huje, ko haɗin da babu allon da ke kula da caji, gobara ce kake sayar wa mutane. Ka koya wurin wanda ya iya kafin ka taɓa kuɗin kowa.

Ta huɗu, hannun jari. Wasu daga cikin kamfanonin ma'adinai da na batir suna kasuwannin hannun jari na waje, kuma akwai manhajojin da ke da rajista da hukumar SEC da ake saye ta cikinsu. In za ka shiga, ka tuna da Li-Cycle. Kada ka sa kuɗin haya ko na makaranta, kada ka zuba komai a kamfani ɗaya, kuma ka sa a ranka maganar shekaru ce, ba ta watanni ba.

GARGAƊI

Duk lokacin da wani abu ya yi tashe, 'yan damfara sai su ɗinka riga da shi. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a 2025. Kada ku yi mamaki gobe ku ga manhajar da za ta ce ka sayi batir ko ramin litiyam a waya, kullum a riƙa turo maka riba, in ka kawo mutum uku a ƙara maka. Manyan kamfanoni masu injiniyoyi da biliyoyin daloli sun kasa tabbatar da riba, sai wani a Telegram ne zai ba ka kashi 30 duk wata? Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Kafin ka ba kowa kuɗinka, ka yi masa tambaya huɗu. Daga ina batiran suke zuwa? Wa zai sayi abin da aka fitar, kuma a nawa? Ina takardar rajista da lasisi? In farashin ƙarfe ya faɗi da rabi, kasuwancin zai rayu? In ya fara kame-kame, ka kama gabanka.

Ni dai batiranmu biyun nan ban sayar wa masu tayawa a ƙofar gida ba. Na tambayi kowannensu ina zai kai, ɗaya ya ce min a nan bayan kasuwa ake fasawa. Sai na mayar wa wanda ya haɗa mana solar, ya rage min kuɗin sababbi, bayan ya nuna min takardar masana'antar da yake kai wa. Abin da na samu bai kai tayin ɗan gwangwan na ƙarshe ba, amma bambancin bai kai lafiyar yaron wani ba.

Aikin gida na wannan mako: ka duba gidanku, matattun wayoyi da fawa bank da batira nawa ne a ajiye? Wanda ya kumbura a raba shi da ɗakin kwana, a ajiye shi a inuwa cikin bokitin yashi, kada a jefa shi a shara inda ake cinna wuta. Masu haɗa sola da masu gyaran waya da ke bibiyarmu, ku faɗa mana ina kuke kai naku, da nawa ake saye a garinku, za mu karanto a shiri na gaba. A tura wa wanda ya kamata ya ji.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa. Mu kwana lafiya.